Baƙin da Ke Idon Hagu na Yaya Dije

Bana shekara talatin da shida ke nan da muka kai yayata Dije makwancinta, Allah ya jiƙanta da rahama. Duk shekara in watan ya zagayo nakan yi mata sadaka in yi shiru, ban taɓa ɗaukar alƙalami a kanta ba. Bana na ɗauka, kuma da ƙyar, domin ɗigogin haruffa sun fara ɓace mini. Ni da ajami na tashi, da shi nake rubutu har yau, 'yata ce ke juya mini zuwa boko. Kwanakin baya na zauna da takarda sai na ga layukan kamar an zuba musu ruwan koko. Aka kai ni asibitin ido, likita ta haska, ta ce, "Baba, yanar ido ce, kuma ido biyun duka." Ina jin haka sai zuciyata ta koma wani ɗaki a unguwar Makera wanda na daɗe ban leƙa ba.

Yaya Dije ce ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Da mijinta Malam Tanimu ya samu aiki a masaƙa sai suka tare a Makera, a wani gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna, famfo ɗaya a tsakar gida. Ni ma na biyo su bayan na sauke karatu, na kama ɗaki a layin bayansu ina sayar da littattafan addini. A lokacin unguwar ba ta yin shiru. Ƙugin injinan masaƙa yana cikin kunnenka har ka daina jin sa. Ɗakin da ke kallon na Yaya na Maman Ladi ne, wata Kirista mutuniyar Filato mai suyar ƙosai, wadda mijinta shi ma a masaƙar yake. Su biyun kullum cikin tsokanar juna suke, kuma ba wadda ke cin abinci ba ta miƙa wa ɗayar ba.

Sana'ar Yaya ɗinkin hula ce. Tana da wata ɗabi'a: duk hular da ta gama, takan rufe ɗinkin baya, daidai ƙeya, da ɗan koren zare, kaɗan yadda ba zai ɓata zanen ba. Ranar Juma'a takan tsaya a bakin zaure tana leƙen ƙeyar maza masu tafiya masallaci, tana cewa, "Waccan tawa ce. Waccan ma tawa ce, amma ji yadda ya karkata ta."

A farkon shekarun tamanin Malam Tanimu ya tafi gida gaida mahaifinsa, motar da ya shiga ta kife a hanya. Mutanen ƙauyen da ke kusa suka yi wa waɗanda suka rasu sutura kafin labari ya iso mu. Ni na je wurin. Aka nuna mini jerin kaburbura, ba wanda ya iya cewa ga nasa. Da sabuwar hula ya tafi, wadda ta gama masa a makon. Ko ita ba ta dawo ba.

Ba a daɗe da fitarta takaba ba yana ta fara rufe mata ido. Da fari allura ta gagare ta sa wa zare, daga baya zanen hular ma ya gagara. Wani sidibe, irin masu yawo suna soka allura su ture yanar cikin ido, ya zo unguwar, mutane suka ce a kai ta. Maman Ladi ta tsaya a ƙofa da matsamin ƙosanta a hannu ta ce ko a kan gawarta, domin haka aka yi wa kawunta a gida, idon ya tsiyaye. Ita ta ja mu muka haye gada zuwa asibiti. A can aka ce yana ce, ana cirewa, amma sai ta nuna. Maman Ladi ta ce, "Sai ta nuna? Mangwaro ne?" Muka dawo gida jiran nuna.

A cikin wannan jiran ne baƙin suka zo.

Wata rana bayan la'asar na shiga gaishe ta, lokacin da rana ke shigowa ta ƙofarta a karkace. Na tarar ta shimfiɗa tabarma a jikin bango, ta ajiye kwanon sha cike da ruwa, ita kuma tana zaune a bakin gado ta lulluɓe da mayafi kamar mai baƙi maza. Zan wuce ta tsakiya ta ce, "Habu, bi ta gefe, kada ka taka mutane."

Na duba. Tabarma ce kawai.

Ta bayyana mini su da murya irin ta mai ba da labarin 'yan biki. Ƙanana ne, tsayinsu bai wuce turmi ba. Suna zaune a jere, da riguna masu launin da ta ce ko lokacin da idonta ke da lafiya ba ta taɓa ganin irinsa ba. Kowanne da hularsa, kuma tana ganin ɗinkin kowace hula ɗaya bayan ɗaya, ita da ba ta iya ganin tafin hannunta. Ba sa magana, ba sa tari, rigunansu ba sa ƙara. In rana ta yi ƙasa sai ta ga babu su.

Na yi alwala na zauna na karanta duk abin da aka koya mana na neman tsari, na tofa a kusurwa huɗu. Ta bar ni har na gama, sannan ta ce, "Karanta, Malam Habu, ai karatu ba ya ɓaci. Amma ga su nan, ko gezau. Shaiɗani zai zauna a karanta masa wannan ya harɗe ƙafa?"

Na ce, "Yaya, wanda ya shigo miki ɗaki ba sallama ai ba baƙo ba ne."

Ta ce, "In kurma ne fa? In bebe ne? Sai a hana shi tabarma?"

Daga ranar, kullum suka zo ita ke yi musu sallama, a fili, cikakkiya har wabarakatuhu. Sai ta ɗan saurara. Ba a amsawa. A sauran al'amuranta kuwa hankalinta garau yake. Sallarta ba ta wuce lokaci, ta san wanda ya yi aure da wanda ya haihu a layin, tana kama Maman Ladi in ta rage mata ƙosai.

Sai da aka yi watanni sannan ta gaya mini na ƙarshen jerin baƙin. Shi ba ƙarami ba ne, cikakken mutum ne. Yana zama kusa da ƙofa, ya juya mata baya. A ƙeyar hularsa akwai ɗan koren zare.

Na ce, "Yaya, ki ji tsoron Allah. Wanda ya mutu ba ya dawowa."

Ta ce, "Na ce maka ya dawo? Cewa na yi hular tawa ce. Jira nake ya juyo in ga wanda ya sa ta."

Da yanar idon dama ta nuna aka yi mata aiki. Aikin wancan zamani ba wasa ba ne. A yanka, a zaro ƙwayar gaba ɗaya, a ɗinke, mutum ya kwanta rigingine kwana da kwanaki, ba tari ba atishawa. An hana ta sujada na makonni, da ishara take salla, abin da ya fi ciwon damun ta. Sannan aka ba ta tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ranar da ta fara sa shi ta dubi sama, ta dubi bangon asibitin, ta ce, "Maman Ladi, wa ya zuba wa duniya bular wanki?" Ta dube ni ta ce ashe na yi furfura ba wanda ya gaya mata. Tabarau ɗin yana ƙara wa komai girma, kuma wanda ya taho ta gefe ba ta ganinsa sai ya faɗo gabanta kwatsam, har ta zabura. Amma ta koma ɗinki. Da hannun tabarau ɗin ɗaya ya karye, sai ta ɗaure shi da koren zarenta, ta zagayo da shi ta ƙulla a ƙeya, kan ɗankwali. Haka ta yi ta sa shi har ƙarshen rayuwarta.

Mu muna murna, ita kuwa da la'asar ta yi sai ta yi tagumi. Baƙin sun daina zuwa. Na ce alhamdu lillahi.

Bayan 'yan makonni na shiga na sake tarar da tabarma da kwanon ruwa. Tabarau yana kan cinyarta, ta sa gefen mayafi ta toshe idon dama, wanda aka gyara. Da idon hagu take kallo, wanda yanar ta mayar fari fat. Ta ce, "Ashe ba tafiya suka yi ba, Habu. Matsawa suka yi wannan ɓangaren."

Daga nan ne rigimar ta fara. Likitan da ya yi mata aikin ya ce a kawo idon hagu shi ma, domin yanarsa ta nuna har ta fara wucewa. Ya ce in aka bar ta za ta narke ta tsiyaya a cikin idon, ido ya kumbura, in kuwa ya kumbura ba lallai a iya ceto shi ba. Yaya ta saurare shi da ladabi, ta yi godiya, muka fito. A bakin gada ta ce mini ba za ta koma ba. Ta riga ta ga abin da aiki ya yi wa idon dama. In aka taɓa na hagu, ba sauran inda za su zauna.

Na yi nasiha, na kawo abin da na sani na wajibcin neman magani, na yi fushi na ƙaurace mata na kwanaki, na dawo. Amsarta ɗaya ce: "In ya juyo, ko gobe ne a yanka."

Maman Ladi ba ta iya lallashi ba. Na ji ta wata rana daga tsakar gida tana cewa, "Dije, mijinki yana wurin Allah, ba ya cikin idonki. Ki bari su cire wannan abin kafin ya ruɓe miki a kai!"

Yaya ta ce, "Ke da kike gaida hoton mamanki a bango kullum da safe?"

"Hoton mamana ba ya cin idona, Hajiyar taurin kai!"

Suka yi dariya su biyu, amma da Maman Ladi ta fito na ga tana share ido da bakin zane.

Sama da shekara aka yi a haka. Sai wata damina idon ya tashi. Ya yi ja kamar garwashi, in ka taɓa ta saman fatar sai ka ji shi da tauri kamar dutse. Ta ce kamar ana buga mata ƙusa daga gira zuwa ƙeya, ga amai. Duk da haka sai da ta yi yini biyu tana ɓoye mana, tana cewa ciwon kai ne. Da muka kai ta, likitan bai yi faɗa ba. Ya duba, ya ajiye fitilarsa, ya ce zai yi aiki don ciwon ya lafa, amma ganin ya riga ya tafi, kumburin ya kashe jijiyar.

Ciwon ya lafa kamar yadda ya ce. Ta dawo gida, la'asar ta yi, ta cire tabarau, ta toshe idon dama, ta daɗe. Sannan ta ce, "An share ɗakin." Idon hagu ba fari ba baƙi, ba kowa. Ta rasa idon, ta rasa baƙin, mutumin bai juyo ba. Amma ba ta daina shimfiɗa tabarmar ba. Kullum bayan la'asar za ta shimfiɗa, ta ajiye ruwa, ta yi wa bango sallama, ta saurara, sannan ta ɗauki allurarta.

Nakan yi tunanin abin da za ta ce da ta ga yau. Masaƙun sun yi shiru, ciyawa ta fito a harabarsu. Hular da ake sayarwa yanzu yawanci inji ne ke ɗinka ta, da ta juya ƙeyar ta yi tsaki. Asibitin da aka kai ni kuwa, da ta yi mamaki. Likitar, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar jikata ba, ta ce yanzu ba a jiran nuna. Ɗan tsagi ake yi, a cire yanar, a sa wata ƙwaya a madadinta, mutum ya kwana a gidansa, ba tabarau mai gindin kwalba. Ta ce abin da masu bincike suka fi mayar da hankali a kai yanzu shi ne kumburi: yadda jiki ke tayar wa idonsa da kansa yaƙi in yana ta daɗe ta fara tsiyaya, da yadda ake kwantar da shi da maganin ɗigawa kafin aiki da bayansa. Ta ce sau da yawa ba wuƙar ce ke ɓata ido ba, kumburin da aka raina ne. Na zauna ina jin ta, ina ganin idon Yaya kamar garwashi. Na san abin da Maman Ladi za ta ce: ashe dai ba mangwaro ba ne. Ita ma ta daɗe da rasuwa, a can Sabon Tasha wurin ɗanta. Amma Yaya, ban tabbata wannan duk zai motsa ta ba. Ita ba tsoron wuƙa ne ya hana ta ba.

Sai na ba likitar labarin baƙin, na ce wata 'yar uwata ce. Ba ta yi dariya ba. Ta ce abin sananne ne, yana samun masu raunin gani da yawa, sai dai suna ɓoyewa don kada a ce sun taɓu. Ta ce in ido ya daina kai wa ƙwaƙwalwa abin gani, sai ita ƙwaƙwalwar ta fara zana nata, kamar mai ɗinkin da aka hana zane ya shiga ƙirƙira da ka. Ba hauka ba ne, ba iska ba ce. Har ƙananan mutane masu huluna ta ce ta sha jin labarinsu. Na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, nauyin shekaru. Sai na ce, "'Yata, suna magana?"

Ta ce, "A'a, Baba. Hoto ne kawai, ba shi da murya. In suna magana, to wannan wani abu ne daban."

Ban gaya mata sauran ba. Ga shi nan zan faɗa.

Wajen shekara biyu bayan mutuwar idon hagu, na shiga wurin Yaya bayan la'asar kamar kullum. Lafiyarta ƙalau. Tana zaune a bakin gado da tabarau ɗinta a fuska, tana rufe ƙeyar wata hula. Tabarmar tana naɗe, an jingine ta a kusurwa. Kwanon sha a kife.

Na ce, "Yau ba shimfiɗa?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Sun zo sun tafi. Yau sun amsa, Habu."

Na ce, "Da wane idon kika gan su?"

Ta ce, "Ban cire tabarau ba."

"Shi fa?"

"Ya juyo."

Na jira. Ta ja zaren, ta sa haƙori ta tsinke shi, ta juya hular a hannunta tana dubawa. Da na ga ba za ta ci gaba ba na ce, "Yaya, shi ne?"

Ta ce, "Hular dai tawa ce." Sannan ta tambaye ni ko na ci abinci.

Kafin Juma'a ta zagayo zazzaɓi ya kwantar da ita, kuma ba ta tashi ba. Da kalmar shahada ta cika, a gabana da gaban Maman Ladi, wadda ke riƙe da ƙafafunta tana kuka.

Ni ɗalibi ne, na san abin da aka karantar da ni. Matattu suna inda Allah ya ajiye su, ba sa zuwa ziyara, abin da suke bukata daga gare mu addu'a ce da sadaka. A kan haka nake, a kan haka nake fatan cikawa. Ban rubuta wannan don wani ya bar idonsa ya lalace ba. Akasin haka nake nufi: in an ce maka yana ce, ka je tun ido bai yi ja ba. In kuma tsohuwarka ta ce tana ganin mutane a ɗaki, kada ka ce ta taɓu, ka kai ta a duba idon. Yaya ta biya ido guda a kan jiran da ba wanda ya umarce ta da shi. Sai dai in na auna, ba taurin kan nake fara tunawa ba. Abin da nake tunawa shi ne matar da ba ta iya ganin mutum a ɗakinta, ko da na cikin ido ne, ta bar shi a ƙasa ba tabarma. Hulunanta duk sun tsufa sun ƙare. Wannan halin ne ya saura, ina ganinsa a 'yata in almuru ta yi ta ƙara hannu a tukunya ko da wani zai zo.

An sa mini ranar aiki, idon dama da farko, na hagu ya biyo baya. Na ce wa likitar duka biyun za a yi, kada ta saurare ni ko da na zo da wata magana daga baya. Ta yi dariya, ba ta san dalili ba.

Dalilin shi ne, tun kafin azumin da ya wuce, in na zauna a barandar 'yata a unguwar Mahuta bayan la'asar, baƙin suna zuwa. Ƙanana, a jere a jikin katanga, da hulunansu, ba ko tari. Na san ko mene ne su, likita ta yi mini bayani, kuma na gamsu. A ƙarshen layin akwai mace, cikakkiya, ta juya mini baya. A ƙeyarta, kan ɗankwali, akwai ƙullin koren zare.

Ban shimfiɗa tabarma ba. Nakan dai janye ƙafata, don ba a miƙe wa na gaba ƙafa. Nakan karanta mata abin da ya sawwaƙa, in roƙa mata gafara, ita da Malam Tanimu da dukkan musulmi, har rana ta yi ƙasa. Sallama ce kaɗai ban yi ba, kuma ba zan yi ba kafin ranar aikin. Na san Yaya Dije. Tun da nake da ita ba a taɓa yi mata sallama ta ƙi amsawa ba.